Maki ɗaya da ƙwallo biyar: yadda Inter Milan ta ƙare kakar 2024/25 hannu rabbana

A daren 16 ga Afrilun 2025, lokacin da alƙalin wasa ya hura tashi a filin San Siro, Inter Milan ta fitar da Bayern Munich daga gasar zakarun Turai. Tana saman teburin Serie A da tazarar maki 3, kuma tana jiran karawa ta biyu da AC Milan a daf da na ƙarshe na Coppa Italia. Magoya baya har sun fara ambaton 2010, shekarar da José Mourinho ya haɗa wa ƙungiyar kofi uku a kaka guda, abin da babu wata ƙungiyar Italiya da ta taɓa yi. Kwana 45 bayan wannan dare, Inter ba ta riƙe da kofi ko ɗaya. Napoli ta ɗauke Serie A da maki 82, ita tana da 81. Milan ta yi waje da ita a Coppa. PSG ta Faransa kuma ta zura mata 5 ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a Munich.

A gidajen kallo abin da aka fi riƙewa shi ne 5-0 ɗin nan, kuma ba laifi, domin ba a taɓa ba da irin wannan rata a wasan ƙarshe na gasar ba. Amma kofin da ya fi kusa da hannun Inter shi ne na gida, kuma ba a Munich ya suɓuce ba. Kaɗan-kaɗan ya zube tun daga watan Agusta, yawanci a rabin sa'a na ƙarshen wasa, bayan manyan 'yan wasa sun gaji ko an sauya su.

A fara da lissafin wasanni. Inter ta buga 38 a Serie A, 15 a gasar zakarun Turai, 4 a Coppa Italia, 2 a Supercoppa. Jimilla 59 ke nan, ban da gasar ƙungiyoyin duniya da ta biyo baya a Amurka. Napoli, wadda ta ƙare ta 10 a kakar da ta gabata har ta rasa gurbin Turai, wasa 41 kacal ta buga. A watan Afrilu kaɗai Inter ta shiga fili sau 9, Napoli sau 4. Wato kocin Napoli Antonio Conte yana da mako guda cur na atisaye tsakanin wasa da wasa, kocin Inter Simone Inzaghi kuwa kwana biyu ko uku, ɗaya na hutun gajiya, ɗaya na kallon bidiyon abokan karawa, wani lokacin ɗaya a jirgi. Ita kanta Inter, a kakar 2023/24 da ta lashe gasar da maki 94, wasa 49 ta buga, don Bologna ta cire ta da wuri a Coppa, Atletico Madrid kuma ta cire ta a zagayen 'yan 16 a Turai. A waccan kakar ƙwallo 22 aka ci ta a Serie A. A wannan, 35.

Sai dai yawan wasa shi kaɗai bai isa hujja ba, domin PSG ma ta yi yawan wasa kuma ta kwashe kofuna. Abin dubawa shi ne irin ƙwallon da Inzaghi ke bugawa, da kuma mutanen da yake da su na bugawa.

Tsarinsa 3-5-2 ne, kuma a shekara huɗu da ya yi da wuya ya kauce masa. A takarda 'yan baya uku ne, amma idan Inter na riƙe da ƙwallo sai kowa ya bar mazauninsa. Alessandro Bastoni, ɗan baya na hagu, yakan haura har kusa da da'irar abokan hamayya ya yi kurosin. Hakan Calhanoglu yakan sauko tsakanin 'yan baya ya karɓi ƙwallo ya raba. Henrikh Mkhitaryan yakan toshe gurbin da Bastoni ya bari. Nicolò Barella yakan karkata dama ya buɗe wa Denzel Dumfries hanya. A gaba, Lautaro Martínez yakan ja baya ya karɓa, Marcus Thuram kuma ya ruga bayan 'yan bayan abokan karawa. Idan abin ya kama, mai tsaro bai san wanda zai bi ba. Amma yana da tsada ta fuska biyu. Na farko, 'yan gefe biyu, Federico Dimarco da Dumfries, su kaɗai ke riƙe da layinsu daga wannan tuta zuwa waccan, shi ya sa Dimarco ba kasafai yake kai minti 90 ba. Na biyu, wannan musayar gurbi sabo take so. Idan mutum ɗaya ya makara da taku biyu wajen rufe gurbin ɗan'uwansa, sai tsakiyar fili ta buɗe. Ɗan benci da ke samun minti 20 a mako ba ya samun wannan sabon.

Ga kuma shekaru. Francesco Acerbi yana da 37, mai tsaron raga Yann Sommer da Mkhitaryan kowanne 36, Matteo Darmian 35, Stefan de Vrij 33, Calhanoglu 31. Wannan ba haɗari ba ne, sakamakon halin aljihu ne. Tun 2021, lokacin da aka sayar da Romelu Lukaku ga Chelsea da Achraf Hakimi ga PSG don cike giɓi, babban jami'in ƙungiyar Giuseppe Marotta ya rungumi dabarar ɗauko 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare. Da haka aka samo Calhanoglu, Mkhitaryan, André Onana da Thuram ba tare da kuɗin saye ba, kuma dabarar ta yi aiki sosai. A watan Mayun 2024 kamfanin Suning na China, mai ƙungiyar a lokacin, ya kasa biyan bashin kusan Euro miliyan 395, sai kamfanin Oaktree na Amurka ya karɓe ƙungiyar. Bazarar da ta biyo baya ba a yi wani babban cefane ba. An kawo Piotr Zielinski da Mehdi Taremi kyauta, da gola na biyu Josep Martínez, da matashin ɗan baya Tomás Palacios wanda kusan bai taka leda ba. Wato zakarun da suka ƙara shekara guda aka tura gasar Turai da aka ƙara wa wasanni, ba tare da an ƙara musu hannu na kirki ba.

A wasu gurabe bencin ya riƙe amana. Carlos Augusto ya tsaya wa Dimarco da Bastoni, De Vrij ya riƙe tsakiyar baya tsawon lokacin da Acerbi ke jinya. Inda aka samu rami shi ne wurare biyu mafi muhimmanci. Babu wanda ke raba ƙwallo irin ta Calhanoglu, kuma Kristjan Asllani bai kai nan ba. A gaba kuwa Thuram ya ci 14 a Serie A, Lautaro ya ci 12, rabin 24 ɗin da ya ci a kakar da ta gabata. Taremi, wanda aka ɗauko don ya ba su hutu, ƙwallo ɗaya ya ci a gasar. Marko Arnautovic da Joaquín Correa sun tsinci 'yan kaɗan. Davide Frattesi kuma wani irin ɗan wasa ne daban. Gwanin faɗawa da'ira ne a ƙarshen wasa, amma ba mai riƙe tsakiya ba ne irin Mkhitaryan, don haka duk lokacin da ya fara wasa sai yanayin ƙungiyar ya sauya.

Yanzu a dubi inda makin ya tafi. Inter ta yi canjaras 9, kuma a 6 daga ciki ita ce ke gaba kafin a farke mata. A wasan farko na kaka, a gidan Genoa, tana 2-1 har cikin mintunan da aka ƙara, aka ba da fenareti aka tashi 2-2. Ranar 27 ga Oktoba tana gaban Juventus 4-2 a San Siro, Kenan Yildiz ya shigo daga benci ya ci biyu. A Janairu tana gaban Bologna 2-1, aka tashi 2-2. Ranar 1 ga Maris a gidan Napoli, Dimarco ya ci da bugun tazara, Inter ta koma baya ta tare gida har Philip Billing ya farke a minti na 87. Sai Parma, sai Lazio. Maki 12 ke nan daga wasannin da suka riga suka shigo hannu, a gasar da aka rasa da maki ɗaya. Idan aka ƙara da fenaretin da Calhanoglu ya ɓarar a wasan farko da Napoli cikin Nuwamba, wanda aka tashi 1-1, za a ga cewa ko wasannin da suka yi da juna kaɗai sun isa su juya teburin.

Wasan Parma na 5 ga Afrilu ya fi kowanne nuna matsalar a fili. An je hutun rabin lokaci Inter na 2-0. Kwana uku ya rage a je Munich wajen Bayern, don haka aka fara cire manya ɗaya bayan ɗaya, su Bastoni, Dimarco, Calhanoglu da Lautaro. Parma, wadda ke fafutukar kauce wa faɗuwa, ta farke duka biyun. Kwana uku bayan nan Inter ta doke Bayern 2-1 a gidanta da ƙwallon Lautaro da ta Frattesi a minti na 88. Lissafin ya biya a Turai, amma da makin gida aka biya shi. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji Hausawa, kuma wannan makon ya nuna wadda Inter ta zaɓa ko da ba ta faɗa da baki ba.

Akwai kuma Milan, wadda ta ƙare ta 8 a gasar amma ta zame wa Inter ƙarfen ƙafa. Sau biyar suka haɗu, Inter ba ta ci ko sau ɗaya ba. Mafi ciwo a farkon shekara shi ne wasan ƙarshe na Supercoppa a Riyad ranar 6 ga Janairu. Inter na 2-0, Theo Hernández, Christian Pulisic da Tammy Abraham suka juya shi 3-2. Wannan tafiya ta Saudiyya ta kuma jawo kwantan wasa, haka ma wasan Fiorentina da aka dakatar a Disamba bayan Edoardo Bove ya yanke jiki ya faɗi a fili. Da aka zo ƙarasa shi ranar 6 ga Fabrairu, Fiorentina ta ci 3-0.

Sai mako guda da ya karya kakar. Thuram ya fito daga wasan Bayern da ciwon cinya. Ranar 20 ga Afrilu Riccardo Orsolini ya ci wa Bologna a minti na 94, Napoli ta kamo Inter a maki 71. Ranar 23 Milan ta ci 3-0 a Coppa, Luka Jovic ya ci biyu. Wasan Roma da ya kamata a buga ranar Asabar an matsar da shi zuwa Lahadi 27 saboda jana'izar Fafaroma Francis, Matías Soulé ya ci, aka tashi 1-0, Napoli ta wuce da maki 3. Wasa uku babu Thuram, wasa uku Inter ba ta ci ƙwallo ko ɗaya ba. Ba sai an yi dogon sharhi a kan bencin 'yan gaba ba bayan wannan.

Abin mamaki shi ne wannan ƙungiyar da ke rarrafe a gida ita ce ke ba manya kashi a Turai, kuma akwai dalili. A sabon tsarin gasar, inda ƙungiya 36 ke kan teburi ɗaya kowa ya buga wasa 8, Inter ta ƙare ta 4 da maki 19, kuma ƙwallo ɗaya tak aka ci ta, ita ma a minti na 90 a gidan Bayer Leverkusen. Ta riƙe Manchester City 0-0, ta doke Arsenal 1-0. A Serie A ƙananan ƙungiyoyi kan ja baya su bar wa Inter ƙwallo, sai ta yi ta kai hari da mutum bakwai ko takwas, wanda ke cin ƙarfi. A Turai kuwa manya ne ke son riƙe ƙwallo. Inter sai ta koma 5-3-2, ta matse tsakiya, ta jira. Idan ta ƙwace, bugu uku ko huɗu ya isa a kai ga Thuram. Wannan ƙwallo ce ta wayo da haƙuri, wadda ta dace da dattawa. Ga kuma bugun kusurwa. Ƙwallaye biyun da ta ci Bayern a San Siro, na Lautaro da na Benjamin Pavard, duk daga kwana suka zo, haka ma biyun da Dumfries ya ci a Barcelona.

Karawar Barcelona kuwa ta fita daga duk wani tsari. An yi 3-3 a Sifaniya ranar 30 ga Afrilu, Thuram ya ci da dunduniya tun ba a cika minti ɗaya ba, Lautaro ya fita da rauni a hutun rabin lokaci. Ranar 6 ga Mayu ya dawo bai gama warkewa ba, ya ci ta farko, aka yi masa ƙetar da ta jawo fenaretin da Calhanoglu ya ci. Daga 2-0 Barcelona ta mayar da shi 3-2, Raphinha ya ci a minti na 87. Lamine Yamal ya bugi turke. Sai ga Acerbi, ɗan baya mai shekara 37, ya bar gida ya tafi gaba kamar ɗan wasan gaba ya farke a minti na 93, Frattesi ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci, Sommer ya tare sauran. Jimilla 7-6. Murna ta rufe wani abu da ya kamata a lura da shi. Ƙungiyar da aka ci ƙwallo ɗaya a wasa 8 ta karɓi 9 a wasa huɗu da Bayern da Barcelona, kuma a duka wasannin biyu da Barcelona ta zubar da ratar ƙwallo biyu. Ciwon gida ne ya biyo ta Turai, sai dai a nan ta tsira.

Napoli ma ba ta tafi sumul ba. Ta yi 2-2 da Genoa, tazara ta koma maki ɗaya. Ranar 18 ga Mayu aka buga wasannin biyu lokaci guda, Napoli ta maƙale 0-0 a Parma, wato Inter na cin Lazio ta hau saman teburi ana saura wasa ɗaya. Yann Bisseck ya ci, Pedro ya farke, Dumfries ya sake ci a minti na 79. Daf da tashi ƙwallo ta taɓa hannun Bisseck a cikin da'ira, na'urar VAR ta kira alƙali, Pedro ya buga fenareti ya ci. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ranar 23 ga Mayu Inter ta ci Como 2-0, amma Scott McTominay da Lukaku, wanda a lokacin yake Napoli, sun gama wa Napoli aiki a kan Cagliari. Inter ta ci ƙwallo 79 a gasar, Napoli 59, amma Napoli 27 kawai aka ci ta. Ko da ma sun yi daidai a maki, yawan ƙwallo ba zai taimaki Inter ba, domin dokar Serie A ta tanadi wasan raba gardama idan aka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya.

Wasan Munich na 31 ga Mayu ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai a ga yadda kocin PSG Luis Enrique ya kwance tsarin. Inter na fara gina wasa ne daga ƙafar Sommer. Ousmane Dembélé ya tsaya a bakin da'ira yana jiran a taɓa ƙwallo ya ruga kan golan, sauran kuma kowa ya kama mutum ɗaya, Vitinha, João Neves da Fabián Ruiz suka hana Calhanoglu juyawa. Sommer ya koma dogon bugu, ƙwallo ta riƙa dawowa. Idan PSG ta riƙe, Dembélé ba ya tsayawa a gaba, sai Acerbi ya rasa wanda zai tsare, 'yan tsakiyar Inter uku kuma suka koma fuskantar mutum huɗu ko biyar. Ƙwallon farko a minti na 12, Dimarco ne ya makara ya hana satar gida, Désiré Doué ya miƙa wa Hakimi, wanda bai yi murna ba saboda tsohuwar ƙungiyarsa ce. Ta biyu a minti na 20, Barella na kare ƙwallo ta fita kwana, Willian Pacho ya zaro ta, aka yi gaba da gudu, bugun Doué ya goga jikin Dimarco ya shiga. Inter da ta saba jira a bayan ƙwallo dole ta fito nema, kuma nan ne bambancin ƙafa ya bayyana. Matsakaicin shekarun waɗanda suka fara wa Inter ya haura 30, na PSG kusan 25. Doué da Senny Mayulu, wanda ya ci ta biyar, kowanne shekararsa 19. Wanda ya ci ta huɗu kuwa Khvicha Kvaratskhelia ne, da Napoli ta sayar a Janairu, wato mutum ɗaya ya sa hannu a kofunan biyu da Inter ta rasa.

Ina laifin Inzaghi a ciki? Akwai. Canjinsa kusan kullum gurbi da gurbi ne, ɗan gefe ya maye ɗan gefe, kuma an san shi da saurin cire duk wanda ya karɓi katin gargaɗi ko da shi ne ke riƙe da wasan. Idan tsarin farko ya toshe, kamar a Munich, babu na biyu. Kuma wannan ne karo na biyu da gasar gida ta kuɓuce masa da ƙaramar rata, bayan 2022 da Milan ta ɗauka da maki 2. Amma wanda zai ce da ya saki Turai ya kama gida bai duba littafin kuɗi ba. A sabon tsarin UEFA, shiga gasar kaɗai Euro miliyan 18.62 ne, kowace nasara a zagayen farko miliyan 2.1, zagayen 'yan 16 miliyan 11, kwata fainal 12.5, daf da na ƙarshe 15, kaiwa wasan ƙarshe 18.5. Da sauran kason, Inter ta tashi da fiye da Euro miliyan 130, ban da kuɗin tikitin San Siro. Babu abin da ya yi kusa da haka a ladan lashe Serie A. Ga ƙungiyar da mai bin bashi ya karɓe shekara guda kafin nan, babu kocin da za a bari ya gajiyar da Lautaro a Parma sannan ya ajiye shi a benci ranar Bayern.

Kwana uku bayan Munich Inzaghi ya ajiye aiki ya tafi Al-Hilal ta Saudiyya, da kofin Serie A ɗaya, Coppa Italia biyu, Supercoppa uku da wasan ƙarshe na Turai biyu a shekara huɗu. Wanda aka ɗauko ya gaje shi shi ne Cristian Chivu, ɗaya daga cikin 'yan wasan 2010, kuma kocin Parma ɗin nan da ya ƙwace wa Inter maki biyu a Afrilu, sannan ya riƙe mata Napoli a Mayu ba ta amfana ba. Bai samu ko mako biyu na shiri ba aka wuce Amurka da 'yan wasan da ba su huta ba. Ranar 30 ga Yuni Fluminense ta Brazil ta cire su da 2-0 a zagayen 'yan 16, a wasansu na 63.